Injiniya, Kada Ka Yi Gaggawar MBA

Duk injiniyan da ya gama bautar ƙasa ya tambaye ni wanne zai ɗauka tsakanin MBA da digiri na biyu a harkar kuɗi, amsata ɗaya ce: ya fara sanin aikin da yake so ya riƙa wayar gari a kansa. Digirin harkar kuɗi ginshiƙinsa lissafi ne. Wanda ya sha lissafin injiniyanci a ABU ko BUK ba zai razana da ƙiyasta darajar hannun jari ko auna haɗarin bashi ba, yana iya shiga kai tsaye. MBA kuwa horon jagorancin mutane ne, ana tattauna matsalolin kamfanoni na gaske a aji. Wanda bai taɓa sa-in-sa da ɗan kwangila ko rarrashin leburorin da albashinsu ya makara ba, me zai kawo wa ajin? Sundar Pichai na Google injiniyan ƙarafa ne, kuma sai da ya yi aiki kafin ya tafi makarantar kasuwanci ta Wharton, inda ya kammala MBA a 2002. In alƙaluma ke burge ka, nufi harkar kuɗi yanzu. In riƙon kamfani kake buri, yi shekara uku a bakin aiki tukuna.