Kada A Ɓoye Aikin Gona A Takardar Neman Aiki

Da zarar an gama kaka, samari sukan zo wurinmu da ambulan a hannu, su ce mu duba masu takardar neman aiki, wato takardar tarihin karatu da aiki wadda 'yan makaranta ke kira si-bi. Mun duba da yawa a nan Malam Madori, kuma kusan dukansu kamar uwa ɗaya ta haife su. Mai shagon kwamfuta ya buɗe takardar wani, ya share suna, ya sa na sabon zuwa. Kowa mai ƙwazo ne, kowa yana son karatu da tafiye-tafiye. Har mun taɓa ganin ta wata yarinya an bar mata "namiji".

Amma ba wannan ya fi damunmu ba. Wani saurayi daga cikin ƙungiyoyinmu ya gama kwalejin horon malamai shekara biyar da suka wuce, takardarsa kuwa nan ta tsaya. Wani kamfanin shinkafa ya nemi wanda zai yi rajistar manoma ya raba masu iri da taki. Ya kai takarda, ba a kira shi ba. Saurayin nan fa shekara uku yana magatakardan ƙungiyarsu. Shi ke riƙe da littafi, shi ke raba taki, shi ke bin bashi buhu buhu bayan girbi. Muka tambaye shi don me bai rubuta wannan ba. Ya ce, "Ai Malam, wannan ba aiki ba ne, noma ne." Mai karanta takardar bai san shi ba. Abin da ya gani shi ne shekara biyar fayau, sai ya ɗauka zaman kashe wando aka yi.

Mu lura, 'yan'uwa. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa garin nan ta kai Nguru a 1930, har aka riƙa tara dalar gyaɗa, yawancin aikin albashin da ke zuwa ƙasarmu daga gona yake fitowa. Yau ma haka ne. Ga aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a wajen Auyo, a ƙarƙashin hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are wadda aka kafa a 1976. Ga hukumar JARDA ta jihar Jigawa. Shirin N-Power da aka soma a 2016 ya ɗauki malaman gona, daga baya jiha ma ta yi nata, J-Agro. Ga masu injin casar shinkafa, ga 'yan kasuwar riɗi da zoɓo masu kai kaya Maigatari. Waɗannan duka suna neman wanda ya san sikeli, ya san shinkafar da ba ta bushe ba, ya iya magana da manomi ba tare da raini ba. 'Ya'yanmu suna da wannan sani, suna kuwa ɓoye shi kamar abin kunya.

To, yaya za a rubuta? "Na yi noma" bai gaya wa kowa kome ba. A faɗi shekara, a faɗi wuri, a faɗi yawa. Misali: daga 2021 zuwa 2024 na riƙe littafin ƙungiya mai mutum 40, na raba taki buhu kaza, bashin da aka karɓa ya dawo kaza. Wanda ya iya kwance injin ban ruwa ya ɗaura, ya rubuta. Wanda ya zaga da biro da takarda yana ƙirga gonakin da ambaliyar 2022 ta cinye, ya rubuta, gama wannan shi ne ainihin aikin da ƙungiyoyin agaji ke biyan kuɗi a yi masu. 'Yan'uwa mata kuma, wadda ta riƙe adashin mata ashirin ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ma'aji ce. Wadda ke turara shinkafa ta sayar, ta san ciniki da lissafi. Aikin da aka yi kwanan nan shi ke hawa sama, sa'an nan na baya ya biyo. Kyautar tsere ta firamare a bar ta ta huta.

Shawararmu ita ce ka fara rubuta kome da Hausa, da hannunka, kafin a juya shi Turanci. In ba haka ba, ranar ganawa za a tambaye ka ma'anar wata babbar kalma da ke cikin takardarka, ka tsaya kana kallon rufi.

Akwai kuma ƙananan abubuwa masu kada mutum. Lambar wayar da ke kan takarda ta layin da ya ɓata tun bara ce. Suna Yohanna a takardar makaranta, John a katin NIN. Wannan a je a daidaita shi tun kafin a ji labarin aiki, domin gyaran yana cin lokaci. Shekarun haihuwa kuwa kada a rage. Ƙarya ce, kwamfuta kuma tana tona ta. Masu shaida fa? Wani ya sa sunan faston da aka yi wa canjin wuri tun shekara huɗu, bai ma gaya masa ba. A zaɓi wanda ya ga aikinka da idonsa, a roƙe shi tukuna, a karɓi lambarsa ta yanzu. Shafi biyu sun isa. Takardun shaida na asali a sa su a leda, a rataye sama inda ruwa da gara ba su kai, a kuma ɗauki hotonsu a waya.

Mun san abin da wasu za su ce: wanda ke da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, aiki sai da hanya. Ba mu musa ba, mu ma mun gani. Amma ba kowane aiki ake rabawa haka ba. Ɗan kasuwar da zai damƙa wa yaro kuɗin sayen riɗi, amana yake nema, ba ɗan wane ba. Ko mai son ya taimake ka ma, sai ka ba shi takardar da ba za ta kunyata shi ba.

Sauran aikin yana wuyan shugabannin ƙungiya. Yaro ya yi mana hidima shekara da shekaru, lada sai "sannu da ƙoƙari". Muna roƙo a taron ƙarshen kaka na bana, kowace ƙungiya ta rubuta wa magatakarda, da ma'aji, da mai kula da sito takardar shaida: aikin da ya yi, daga yaushe zuwa yaushe, da sa hannun shugaba da hatimi. Masu tsohuwar takarda su zo da ita ranar, da biro, mu zauna mu bi ta layi layi bayan an tashi.