Ba Sammu Ba Ne, Ba Gigin Tsufa Ba Ne

A Dosara, ko Bakura, ko Maradun, idan hannun dattijo ya fara rawa yana zaune, takunsa ya gajarta, sai mu ce tsufa ne. Idan bayan shekaru ya kasa lissafin kuɗin hatsinsa, yana ganin mutane a ɗaki alhali babu kowa, sai hukunci ya sauya: an yi masa sammu. In tsohuwa ce, har mayya akan kira ta. Wannan zalunci ne, kuma 'ya'yan cikinsu ne ke fara yi musu shi.

Ciwon yana da suna. Likita James Parkinson ya bayyana shi a Landan a 1817, kuma shi ne Muhammad Ali ya yi fama da shi fiye da shekara 30. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa, jiki ya yi nauyi, hannu ya yi karkarwa. Sannu a hankali hanyoyin da ke haɗa sassan ƙwaƙwalwa su ma su raunana. Manomin Bakolori ya san wannan: ko dam na cike, idan magudanar ruwa ta toshe, gonar nesa bushewa take yi. Haka saƙo ke kasa isa daga wani sashe zuwa wani, sai tunani ya yi jinkiri, ido ya ga abin da babu.

Kada wani ya ce ciwon Turawa ne. A 2023, Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka gano wani sauyin ƙwayar gado da ke ƙara haɗarinsa ga 'yan asalin Afirka.

Ciwon ba ya warkewa, amma levodopa na sassauta jiki har mutum ya ci abinci da hannunsa. Artane kuwa, mai arha a kemis, yana iya ƙara wa tsoho mantuwa da ruɗewa. Shi ya sa likita ne zai zaɓi magani, ba mai kemis ba.

Kuɗin ragon boka ya isa kuɗin mota zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Gwamnatin Zamfara kuma ta koya wa ma'aikatan asibitocin karkara gane alamun. Ku kai Baba asibiti tun yana gane sunayenku.