Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido: Matsalar Kason Faifan Kwamfuta

Masu iya magana kan ce, garin neman gira a rasa ido. Wannan karin magana ya dace da halin da ɗalibai kan shiga idan kwamfutarsu ta ƙi karɓar sabon zubin babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da na'urar baki ɗaya. Da zarar an kai ta wurin mai gyara, sau tari hukuncin ɗaya ne: a shafe kome a sake ɗorawa. Ta haka kundin bincike da hirarrakin da aka ɗauka daga bakin dattawa kan salwanta cikin ƙiftawar ido. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, shafe faifai bai cancanci zama matakin farko ba, domin galibi cutar ƙarama ce.

Faifan ajiya na kwamfuta tamkar gida ne mai ɗakuna, kowane ɗaki ana kiransa kaso. Akwai babban kaso inda manhaja da kayan mai na'ura suke. Akwai kuma wani ɗan ƙarami ɓoyayye wanda ke riƙe da fayilolin tayar da na'urar. Shi ne zaure, ba a shiga gida sai ta cikinsa. A zamanin Windows 7 girmansa megabayit 100 ne kacal. Da aka fitar da Windows 10 a shekarar 2015, na'urori da dama sun ƙi sabuntuwa saboda zauren ya cushe, alhali kamfanin Microsoft ya bayyana cewa megabayit 15 kawai ake bukatar a samar. Haka kuma a watan Janairun 2024, wani gyaran tsaro ya ƙi shiga na'urori masu yawa domin kason farfaɗo da na'ura ba shi da sararin megabayit 250. To, ashe hikima ce a rushe gida don zaure ya yi ƙunci? Abin da ya kamata shi ne a rage tarkacen zauren, ko a ɗan tsakuro fili daga maƙwabcinsa a ƙara masa.

Matsala ta biyu ta shafi tsarin rabon kansa. Tsohon tsari mai suna MBR, wanda ya samo asali tun 1983, manyan kaso huɗu yake ɗauka, kuma a bisa al'ada ba ya wuce terabayit 2. Sabon tsari, GPT, yana ɗaukar kaso 128 a ƙarƙashin Windows. Ita Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana bukatar hanyar tashi ta UEFI, wannan kuwa sai da faifan GPT. Amma tun 2017 akwai wata 'yar manhaja a cikin Windows 10 mai suna MBR2GPT da ke juya faifai zuwa sabon tsari ba tare da shafe kaya ba, muddin manyan kason ba su wuce uku ba. Bayan juyawar sai a sauya saitin na'urar daga BIOS zuwa UEFI. Tun da tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, wannan sani ya zama wajibi.

Mai yiwuwa wani ya ce shafewa ta fi sauƙi da sauri, taɓa kaso kuwa yana da haɗari. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin kuskure ɗaya na iya hana na'ura tashi. Bugu da ƙari, idan na'urar ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0, gyaran kaso kaɗai ba zai wadatar ba. Sai dai sauƙin mai gyara ne ke amfana da shi, asarar kuwa ta mai kundi ce. Manhaja ana sake ɗora ta, amma dattijon da ya rasu ba a sake hira da shi.

Saboda haka, wajibi ne ɗalibi ya kwafe aikinsa a wani faifai daban kafin a taɓa na'urarsa. Ya rubuta saƙon da na'urar ta nuna, ya kuma nemi mai gyara ya bayyana masa kason da ya hana ruwa gudu. Mai gyara na ƙwarai ba zai ƙi wannan tambaya ba. Rigakafi dai ya fi magani, da-na-sani kuwa ƙeya ce.