Kafin Ka Ɗaura Wa Motarka Faffaɗar Taya

Mai karatu, in kana bin hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi, ka ga yayin da samari suka shigo da shi: a kwance tayoyin kamfani daga Golf ko Corolla, a ɗaura masu faɗi, wai don mota ta kama ƙasa a kwana. A bidiyo suka gani, su Ford Mustang na Amurka masu silinda 8. Corollar gidanka ba ta da wannan ƙarfin.

Gaskiya ne, a busasshiyar kwalta faffaɗar taya ta fi riƙe hanya. Amma duƙa ka karanta jikin tayarka. 195/65 R15 na nufin faɗinta milimita 195, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wili inci 15. In ka koma 225/45 R17, tsayin ƙafar bai canza ba, sai dai gefen ya ragu daga kusan milimita 127 zuwa 101. Robar nan ce ke shanye dukan rami. Rami guda a guje ya isa ya lanƙwasa wili, kuma ka san yankinmu: ba wanda ke son tsayawa canjin taya da magariba, ga iyali a mota.

Da damina kuma, faffaɗar ta fi saurin hawa kan ruwan da ya kwanta, sitiyari ya daina jin magana. Ga shan mai.

In kuɗi sun samu, sayi sababbi daidai da lambar kamfani, ka duba lambobi 4 na ƙarshen rubutun DOT. 2523 na nufin an yi ta a mako na 25 na 2023.