Tsakanin kare da karen mota: wace mota za a ɗauka haya?

Bahaushe ya daɗe da bai wa kare gurbi a cikin mota, amma da suna kaɗai. Yaron da ke ɗora kaya, ya sanya weji, ya maƙale a bayan kamiyo tun daga Ƙwanni har Tawa, shi ake ce wa karen mota, kuma babu wanda ke ƙyamar zama kusa da shi. Amma ranar da kare na gaskiya, mai ƙafa huɗu da wutsiya, ya iso tasha a bayan ubangidansa, sai ka ga fuskoki sun canza, direba ya shiga duban tayoyinsa kamar yau ya fara ganinsu, ɗan kamasho kuma ya tuna cewa mota ta riga ta cika.

Wanda ya san tashoshin da ke kan hanyar Tsarnawa zuwa Tawa ya san yadda zancen yake kasancewa. Dattijo ya ce: «Yaro, da ni da wannan za mu Ƙwanni.» Direba ya amsa: «Baba, ka yi haƙuri, kai kam bismilla, amma shi sai dai a sama tare da buhuna.» Dattijo ya ce ba ya ɗora abokin kiwonsa a kan ƙarfe cikin wannan rana, direba ya ce shi ma fasinjansa masu salla ne. Daga nan kowa ya kama gabansa. Abin da ya rage wa mai kare shi ne shata, watau ya ɗauki mota sukutum haya, kuma tun da kuɗinsa ne zai fita, ya cancanta ya san irin motar da zai nema.

Mai karatu na iya cewa wannan damuwar Turawa ce. Gaskiya ne a Faransa mutum yakan ɗauki mota haya ta shekara uku ko huɗu, yana biya wata wata, idan wa'adi ya cika ya maida ta ko ya cika kuɗi ta zama tasa. Kuma kamfanin haya yakan cire masa kuɗin duk wata kujera da farce ya yaga. A Amurka har kamfanin Tesla ya sanya wa motocinsa, a 2019, wata dabara mai barin sanyi yana aiki idan an bar kare a ciki. To, amma a Tajaye, inda manoma da makiyaya ke zaune kafaɗa da kafaɗa, kare ma'aikaci ne. Shi ke kwana a bakin garke, shi ke tsaron rumbu, shi ke gaban mafarauci. A arewacin Tawa kuma akwai kwarin Azawak, wanda sunansa ya bi wani dogon kare siriri na Abzinawa har ƙasashen waje. Ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da irinsa cikin kundinta a 2019. Karen da Bature ke saye da tsada yana nan kwance a inuwar bukkar makiyayi, babu motar da za ta kai shi wurin allura.

Maganar allura ita ce ta sa wannan al'amari ya wuce wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Cutar, da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Alhali tun 1885 Luwi Fasto ya yi wa wani yaro allurar farko a Faransa ya rayu, kuma masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi, cutar takan yanke. Ma'aikatan kiwo suna Illela, suna Malbaza, suna Ƙwanni. Karnuka kuwa suna ruga da tunga. Tsakaninsu akwai tafiya, kuma ba kowane kare ke bin amalanke yini guda ba.

Sai a fara da ƙyamar da direba ya ambata, domin ita ce ƙofar ciniki. Mazhabar Malikiyya, wadda ita mafi yawan mutanen ƙasar nan ke bi, tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, har da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a cikinta umurni ne da ake bi don bauta. Shafi'iyya ce ta ɗauke shi najasa. Littafin Risala, wanda almajiran kowane zaure suka sani, ya hana ajiye kare a gida haka kawai, amma ya yarda da na gona, da na dabbobi, da na farautar neman abinci. Ke nan karen makiyayin Tajaye yana da hujjarsa. Sai dai hujja ba ta wanke kujera. Direban da ya ƙi ba lalle ne jahili ba: gobe zai ɗauki Alhaji da farar shadda, kuma gashin kare da ƙuma da kaska ba su san mazhaba ba. Don haka a gaya masa gaskiya tun wurin ciniki. Wanda ya ɓoye kare har mota ta iso ƙofar gida ya sayi rigima da kuɗinsa.

Motocin da ake samu a wannan yanki sanannu ne. Akwai mai buɗaɗɗen baya, tun daga tsohuwar Peugeot 404 da ake kira bashe har zuwa Toyota Hilux. Akwai doguwa mai ƙofa a baya irin 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. Akwai Hiace ta fasinja. Akwai kuma ƙananan motoci masu rufaffen akwati a baya, wanda direbobi ke kira kofur. Wannan ta ƙarshe a fitar da ita daga lissafi, in dai direba ya ce a kofur za a sa kare. Babu iska a ciki, hayaƙin salansa yana shiga, kuma sau da yawa jarkar esansi tana nan kwance. Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum. Da haki yake fitar da zafi. Jikinsa yana tsakanin digiri 38 da 39, kuma idan ya haura 41 rai yana cikin haɗari. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna cewa rufaffiyar mota a rana tana ƙara wajen digiri 22 cikin awa ɗaya, mafi yawansa a rabin awar farko, kuma ɗan sassauta gilashi bai hana komai ba. A can ke nan. Sai mai karatu ya ɗora wannan a kan watan Afrilu na Ƙwanni, lokacin da inuwa kanta ke wuce digiri 40.

Mafi yawan mutane za su ce bashe ita ce magani, tun da ga iska, ga fili, kuma bokitin ruwa ɗaya ya wanke ta. Suna da gaskiya, amma da sharaɗi, kuma a nan ne ake yawan yin asara. Na farko, ƙarfen daɓen baya yana ɗaukar zafin da ke sale tafin kare. Mai haya ya ɗora bayan hannunsa a kai. Idan bai iya barinsa ba, kare ma ba zai iya ba. Tabarma mai kauri ko jiƙaƙƙun buhuna suna maganin wannan, tampol a sama kuma ya ba da inuwa, muddin an bar gefe a buɗe. Sannan a tambayi abin da motar ta ɗauko jiya. Wannan ƙasa ce ta siminti da albasa. Ƙurar simintin Malbaza, idan ta gamu da ruwa ko yawu, tana cin fata. Albasar Galmi, wadda ta yi suna har bakin teku, guba ce ga kare in ya ci da yawa, domin tana farfasa masa jini. Ga takin zamani, ga maganin feshi na masu lambu. Motar da aka share da tsintsiya sama sama ba ta sharu ba.

Sai igiya. Mutane da yawa suna ɗaure kare da doguwar igiya a wuya, wai don ya sake. Ya hangi zomo ko akuya a bakin hanya, ya yi tsalle, igiya ta riƙe shi a jikin mota yana lilo. Kafin karen mota ya buga wa direba, an gama. Igiya ta zama gajera, a ɗaure ta a tsakiyar baya kusa da kan mota, ta zagaye ƙirji da kafaɗu maimakon wuya, yadda kare zai iya tsayawa ya kwanta amma ba zai kai gefe ba. Wanda ya iya sa maƙeri ya yi masa keji na ƙarfe, ko kafinta ya yi na katako mai tagogi, ya fi kowa dabara, in dai an ɗaure kejin shi ma. Dalili kuwa lissafi ne na ɗan lakwal: abin da ke tafiya kilomita 50 a awa, idan mota ta tsaya farat ɗaya, daidai yake da abin da ya faɗo daga tsawon mita 10. Karen Azawak yana da kilo 15 zuwa 25. A cikin doguwar mota mai ƙofar baya, wannan nauyi ƙeyar direba zai nufa, shi ya sa ake son raga ko shinge tsakanin kujeru da wurin kaya. Irin wannan mota ta fi bashe a lokacin hunturu da ƙura, amma a tsohuwa a duba robar ƙofar baya, domin ta nan hayaƙi ke komowa ciki. Na'urar sanyi kuwa, a kunna ta a ji da fatar jiki kafin a biya kuɗinta. Da yawa maɓalli ne kawai ya rage.

Mafarauta, waɗanda su ne suka fi kowa shatar mota da karnuka, suna da ƙarin nauyi. Karnuka goma da ba su saba da juna ba a bayan Hilux ɗaya faɗa ne ake ɗauke da shi, kuma cizo ɗaya ya isa ya raba cuta ga na ƙauyuka uku. Ga kuma dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998, wadda ta ɗora sharaɗin lasisi da lokaci. Mai motar da ya ba da ita ba tare da ya tambaya ba, shi ma zai yi bayani gaban ma'aikatan gandun daji.

Akwai tafiya ɗaya da ba a jiran zaɓen mota. Idan kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a sa yaron a motar farko da aka samu zuwa likita, ko da direba ya ƙi karen. Kuskuren da ake yi shi ne a tsaya neman motar da za ta ɗauki su biyun, har kwana biyu su wuce. Karen a tsare shi a ɗaure, a sanar da ma'aikatan kiwo, su ne za su sa masa ido na kwanaki. Wanda ake zargi da hauka, mai dalalar yawu da cizon duk abin da ya samu, ba a sa shi a motar haya ko kaɗan.

Game da kuɗi, haya iri uku ce. Shatar yini guda baki da baki ake yin ta, kuma abin da ke kawo saɓani a cikinta shi ne mai. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, arahar da ƴan ruwa-ruwa suka saba wa mutanen bakin iyaka ta kau, kuma a watan Maris na 2025 ƙasar nan ta ga dogayen layuka a gidajen mai. Sai a yanke tun farko: wa zai zuba, lita nawa, kuma wa zai biya wanki. Ta biyu ita ce hayar wata, irin wadda ƴan kasuwa da masu manyan garkuna ke yi. Ta uku ita ce wadda ake biya kaɗan kaɗan har mota ta zama ta mutum, kamar yadda ƴan kabu-kabu da yawa suka mallaki baburansu. A cikin biyun nan na ƙarshe mota ta mai ita ce har ranar da aka gama, saboda haka duk abin da kare ya ɓata bashi ne. Kujerar yadi tana riƙe gashi da wari. Ta leda ko roba tsumma ɗaya ya ishe ta. Wanda ya san da kare zai yi shekara biyu yana yawo ya zaɓi ta biyun, ko da ta fi zafin zama.

Takardu kuma a gan su da ido: kartigiris, bizit, da lasuransi. Dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka sa wa yarjejeniyarta hannu a 1992, ta tilasta lasuransin ɓarnar da mota ta yi wa wasu. Wannan ba ta biyan kujerar da kare ya tauna, ba ta kuma biyan karen da zafi ya kashe. Shi ya sa ya kyautu a rubuta a takardar haya, ko da layi biyu ne, cewa mai mota ya san za a ɗauki kare, da wurin da zai zauna, da wanda wanki ke kansa. Kafin a karɓi makulli a zagaya motar da shaida ɗaya daga kowane ɓangare, a nuna kowace yaga da kowane tabo. Yau da kusan kowa ke da salula mai hoto, wannan aikin minti biyar ne.

Ranar tafiya, a tashi da asuba, kada a cika wa kare ciki domin amai, a ɗauki jarkar ruwa da ƙwaryarsa ta daban, a tsaya a inuwa duk bayan awa ɗaya ko biyu. Katin allurarsa, in yana da shi, ya kasance a aljihun ubangidansa, domin jandarma a shinge yana iya tambaya. Karen mota kuma, wanda a ƙarshe shi zai ɗebo ruwa ya wanke bayan motar, a sa ladansa cikin ciniki tun kafin a tashi.