Lauyan Wanda Muke Ƙi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ranar 24 ga Yuli 2025 kotun duniya da ke birnin Heg ta ɗaure Alfred Yekatom shekara 15, Patrice-Edouard Ngaïssona kuma shekara 12. Da labarin ya iso Miskine, mu a ajinmu ba murna muka yi ba. Sama da shekara huɗu ana shari'a, sai wannan? Abin da ya fi ci mana rai ma shi ne lauyoyinsu. Yaya mai hankali zai sa baƙar riga ya tsaya yana kare jagororin anti-balaka?

Yawancinmu muna da shekara biyar ko shida a ranar 5 ga Disamba 2013. Ba mu tuna komai dalla-dalla ba, amma mun tashi mun ga masallatan da aka rusa, mun san dangin da suka hau manyan motoci zuwa Cadi da Kamaru ba su dawo ba. Saboda haka kada wani ya ce ba mu san zafin abin ba. Duk da haka, bayan musu mai tsawo a tsakaninmu, mun tsaya a kan cewa lauyoyin nan aikin da ya dace suka yi.

Dalilinmu na farko daga allonmu yake. A fiƙihu mun karanta cewa kawo hujja yana kan mai ƙara. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim tana da babi a kan wakilci, kuma malamai sun halatta mutum ya sa wani ya yi masa husuma gaban alƙali. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi gargaɗi cewa wani yakan fi wani iya tsara magana, har a yanke masa abin da ba nasa ba. To, makiyayin da ba ya jin Faransanci, an tsayar da shi gaban mai gabatar da ƙara da ya yi shekaru yana karatun doka, wa zai yi nasara? Ai ba sai an faɗa ba.

Wani daga cikinmu ya kawo aya ta 105 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana zama mai kare maha'inta. Hujja ce mai ƙarfi, mun daɗe a kanta. Amma da muka koma tafsiri sai muka ga dalilin saukarta: wani ne ya saci sulke, danginsa suka so a wanke shi a ɗora wa Bayahude. Abin da aka hana ke nan, ka san gaskiya ka juya ta. Lauyan da ya sayi shaida ko ya ƙaga ƙarya ya shiga cikin ayar, ba mu da ja. Wanda kuwa ya tambayi shaida, "A ina kake tsaye? Da idonka ka gani, ko ji ka yi?" wannan taimakon alƙali yake yi.

Mun kuma san yadda hukunci yake idan babu mai tambaya. Ranar 5 ga Fabrairu 2014, a harabar ENAM nan Bangui, bayan jawabin shugaba Catherine Samba-Panza, sojoji suka kashe wani mutum gaban 'yan jarida saboda zargin ɗan Seleka ne. Ba alƙali, ba shaida. Zargi kawai. A lokacin, sunanka ko rigarka ta isa.

Ku dubi Kotun Musamman ta nan Bangui. Shari'arta ta farko a kan mutum uku ce 'yan ƙungiyar 3R, masu sunaye irin namu, kan kisan mutane da dama a Koundjili da Lemouna a watan Mayu 2019. Ranar buɗewa, 19 ga Afrilu 2022, lauyoyinsu ba su zo ba. Alƙalai suka ɗage zama, ba su ci gaba babu su ba. A ƙarshe an same su da laifi, kuma yau ba mai cewa an hana su magana. Shin za mu so wa waɗannan lauya mu hana Yekatom? Ma'auni biyu ba ya halatta ko a kasuwar Kilomita Biyar, balle a kotu.

Inda kukanmu yake shi ne nan gida. Manyan da ke Heg suna da tawagar lauyoyi, amma a gidan kaso na Ngaragba akwai waɗanda ke zaune wata da watanni ba a yanke musu hukunci ba. Idan jandarmomi suka kama yaron unguwa, me muke yi? Mu haɗa kuɗi mu nemi "wanda ya san wani". Lauya ba ya zuwa mana a rai, don muna ganin aikin maƙaryata ne.

Iyayenmu da malamanmu, muna roƙo: cikin masu sauka bana, a bar ko mutum biyu su ƙarfafa Faransancinsu, su nemi shiga sashen shari'a a Jami'ar Bangui. Babin hukunci da shaida dai mun riga mun karanta shi a Risala.