Kowa Ya Hau Sama Ya Ɗaura Igiya

Jama'a, a tekun da ke tsakanin Ingila da Danmak da Jamus akwai wasu manyan fankoki da aka kakkafa cikin ruwa, iska na juya su suna ba da wutar lantarki. Danmak ce ta fara wannan aiki a shekarar 1991, da fanka 11 a wani wuri da ake kira Vindeby. Yanzu abin ya bunƙasa ƙwarai. Gonar Hornsea ta biyu kaɗai, wadda ta kama aiki sosai a 2022, tana da fanka 165, kuma tana da nisan kilomita 89 daga gaɓar Ingila. Kan injin irin waɗannan yakan kai mita 100 daga ruwa, watau sama da ƙafa 300, kuma 'yan Adam ne ke hawa su gyara shi.

To, yaya suke hawa su sauko lafiya? Tun daga ƙasa ake fara lura. Ƙaramin jirgi yakan dafe gindin turken da hancinsa, inda aka kafa tsanin ƙarfe. Idan igiyar ruwa ta wuce misalin mita ɗaya da rabi, yawancin waɗannan jirage sai su fasa, a koma gida ko da aiki na jira. Ma'aikaci yana sanye da hular kwano da rigar hana nitsewa da ɗamarar da ta kama kafaɗu da cinyoyi. Kafin ya taka tsani sai ya maƙala ƙugiya ga igiyar da ke saukowa daga sama, wadda ke naɗe kanta yana hawa, ta cije nan take in ya zame. A cikin turken ma akwai waya ko dogon ƙarfe da ke bin tsani, da wani ɗan abu mai tafiya tare da mai hawa, wanda ke kullewa da zarar an fizge shi ƙasa. Inda za a sauya wuri kuwa ƙugiya biyu ake riƙewa, ba a cire ta farko sai ta biyu ta kama.

Daɗin daɗawa, ba a barin mutum ya hau sai da takardar shaidar horo. Ƙungiyar GWO, wadda kamfanonin wannan sana'a suka kafa a 2012, ta tsara koyar da aikin sama, da taimakon farko, da kashe gobara, da ɗaukar kaya, da ceton kai cikin teku. Takardar shekara biyu take yi, sai a koma a sabunta. Ana koya musu sauko da ɗan'uwan da ya faɗi ya rataye, domin wanda ya daɗe yana reto cikin ɗamara jini kan taru a ƙafafunsa, ya suma, har ma ya rasu.

Mai karatu zai ce, ina ruwanmu, alhali Nijeriya ba ta da fanka ko ɗaya cikin teku? Ruwanmu shi ne hawa. 'Yan'uwanmu da suka zo neman abinci Ikko da Badun da Fatakwal, da yawansu a sama suke yini: wani kan benen da ake gini, wani kan tankar mai a Apapa, wani kan lodin tirela, wani kan turken sadarwa. Ƙasa kuwa ba ta san bambancin injiniya da lebura ba. Wanda ya faɗo daga mita 10, misalin bene hawa uku, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi zai iso ƙasa da gudun kilomita 50 a awa, kamar mota ta buge shi.

Ra'ayina shi ne mu daina ɗaukar igiya a kan alamar tsoro. Waɗancan ma'aikata gwanaye ne, sun fi kowa sabo da hawa, amma ba su yarda da sabo ba. Mu kuwa sai mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, rai na hannun Allah, amma addininmu ya koya mana a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali.

Wani zai ce kayan nan da tsada, kuma ɗan ƙwadagon da ya nemi ɗamara gobe wani za a ɗauka a madadinsa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa nauyin farko ke kan mai ba da aiki. A Ingila dokar aikin sama ta 2005 ta ce a guji hawa in da hali, in ya zama dole a hana faɗuwa, in ba a iya ba a rage illarta. Mu ma muna da dokar masana'antu ta 1987, da dokar diyyar ma'aikata ta 2010 wadda hukumar NSITF ke kula da ita. Ya kamata sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, da shugabannin ƙungiyoyin leburori da direbobi, su tsaya da murya ɗaya, domin mutum guda ake kora, ba a korar taro. In ta kama, ƙungiya ta yi karo-karo ta sayi ɗamara ta riƙa ba da aro.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. Duba tsani kafin ka hau. Jingina shi yadda kowace ƙafa huɗu ta tsawo gindinsa zai ja ƙafa ɗaya daga bango, a ɗaure shi ko wani ya riƙe. Fuskanci tsani, hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, su kasance a kansa kullum. Kada ka hau da kaya a hannu, a jawo su da igiya. In ana ruwa ko iska, haƙura.

Kowannenmu ya baro iyaye ko mata da 'ya'ya suna jiran aike. Abin da suke so shi ne mu koma da ƙafafunmu. Allah ya tsare mu, ya ba mu sa'ar abin da muka fito nema, amin.